3.4 Yadda Ake Ƙera Gangar Jikin Makirufo ta Ƙarfe da Hannu

A sashen da ya gabata an yi bayanin ƙwayar makirufo, watau ɓangaren da ke ɗauke da tantani da naɗin waya da maganaɗisu, wanda ke juya murya ta koma lantarki. A wannan sashe kuwa za a dubi gangar jikin da ake sanya ƙwayar a ciki, da yadda maƙeri zai ƙera ta da hannu. Abin da ake so a tabbatar shi ne, gangar jiki tana da hannu a cikin irin sautin da makirufo ke fitarwa, don haka kuskure wajen ƙira yakan ɓata ƙwaya mai kyau.

3.4.1 Dalilin Amfani da Ƙarfe

Lantarkin da ƙwaya ke samarwa ɗan kaɗan ne ƙwarai, sai amfilifaya ta riɓanya shi kafin ya isa lasifika. Wutar lantarkin gidaje a Nijeriya tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa guda, kuma wayoyinta suna watsa tasirinsu a kewaye. Idan wannan tasiri ya shiga wayoyin makirufo, amfilifaya za ta riɓanya shi tare da murya, sai a riƙa jin gunji a lasifika. A shekarar 1836 masanin kimiyya na Ingila, Michael Faraday, ya nuna cewa abin da aka kewaye da ƙarfe yana samun kariya daga irin wannan tasiri. Wannan ne ya sa ake fifita ƙarfe a kan itace ko roba.

3.4.2 Kayan Aiki

Ana bukatar bututun jan ƙarfe ko na tagulla, kamar na masu aikin famfo mai faɗin milimita 22 ko 28. An fi son waɗannan saboda suna karɓar dalma. Alminiyam ya fi su rashin nauyi, amma dalma ba ta kama shi da sauƙi, sai dai a ɗaure shi da sukuru. Sauran kayan su ne ragar tagulla, da zarto, da magagari, da abin huda ƙarfe, da samfefa, da guntun roba mai laushi, da soso, da soket mai ƙafa uku da ake kira XLR, sai kuma mita ta masu gyaran rediyo.

3.4.3 Matakan Ƙira

Da farko ana auna ƙwayar da soket ɗin kafin a yanka komi, domin su ne za su nuna faɗin bututun da ya dace. Wajen tsawo, ana iya koyi da makirufon SM58 wanda kamfanin Shure na Amurka ya fitar a 1966, mai tsawon milimita 162. Idan an cire kai, mariƙin da ya kai milimita 110 zuwa 120 ya wadatar. Sai a yanka bututun da zarto, a goge bakinsa da magagari ciki da waje, don kada kaifinsa ya yanke waya.

Na biyu, sai a zura soket a ƙarshen bututun, a sa alama daidai inda ramin sukurunsa yake, a fitar da shi, sa'annan a huda. Ba a huda bututu alhali ƙwaya tana kusa, domin maganaɗisunta yana jawo garin baƙin ƙarfe daga zarto da magagari, wanda in ya shiga tsakanin naɗin waya da maganaɗisu zai sa sauti ya riƙa karcewa.

Na uku shi ne ƙera kai. Ana gasa ragar tagulla a wuta don ta yi laushi, a bar ta ta huce, a ɗora ta a kan itacen da aka sassaƙa ya yi kamar rabin ƙwallo, a riƙa dannawa har ta ɗauki siffarsa. Daga nan sai a datse gefenta, a liƙa ta da dalma a jikin zoben tagulla, a kuma shimfiɗa soso marar kauri daga ciki don rage bugun iskar baki, musamman wajen furta haruffa irin su "b" da "f".

Na huɗu, ana zaunar da ƙwayar a cikin zoben roba yadda ba za ta taɓa ƙarfe ba. Idan ta taɓa, duk motsin yatsun mai magana zai bi ta ƙarfen ya fito a lasifika. Haka kuma, yawancin ƙwayoyin da ake waƙa ko wa'azi da su suna da ƙananan ƙofofi a bayan tantani, waɗanda su ne ke sa makirufo ya fi jin abin da ke gabansa. Idan maƙeri ya tura ƙwayar can cikin bututu har ya toshe su, makirufon zai koma jin kowane ɓangare, ya ɗauki ƙarar lasifika ya mayar mata, sai a ji kuwwa mai tsini. Saboda haka dole ƙofofin su kasance a cikin raga.

Na biyar, ana haɗa wayoyi biyu na ƙwayar da ƙafa ta 2 da ta 3 ta soket, ita kuma gangar jikin a haɗa ta da ƙafa ta 1.

3.4.4 Gwaji

Bayan an haɗa komi, sai a ɗora bakin mita ɗaya a kan raga, ɗaya a kan ƙafa ta 1. Idan mita ba ta nuna haɗuwa ba, to kariyar ta yanke, kuma galibi fenti ne ya shiga mahaɗar kai da mariƙi, sai a kankare shi da samfefa.

A nan akwai abin lura. Tun da gangar jikin a haɗe take da jikin amfilifaya, idan wuta ta zubo a amfilifayar da ba a haɗa ta da ƙasa ba, za ta biyo waya har hannun mai riƙe da makirufo. Ta haka ne makaɗin jitar nan na Birtaniya, Leslie Harvey, ya rasa ransa a kan dandamali a garin Suwansi a 1972. Don haka ba a miƙa wa kowa makirufon ƙarfe sai an tabbatar da wayar ƙasa ta amfilifaya lafiya take.

A sashe na gaba za a dubi yadda ake goge gangar jikin da yi mata ado ba tare da an ɓata mahaɗanta ba.