Ka Koma Windows 11 Ka Rasa Video Editor? Ga Abin da Zai Maye Gurbinsa

Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane da yawa sun koma Windows 11. Abin da ke ba wasu mamaki shi ne, sai su buɗe manhajar Photos don haɗa bidiyon biki ko tallan kayansu, su tarar babu Video Editor. Kwamfutarka ba ta lalace ba. Microsoft ce ta cire shi daga sabuwar Photos, ta sa Clipchamp a madadinsa.

Ba wannan ne karo na farko ba. Haka aka yi wa Windows Movie Maker a watan Janairun 2017, lokacin da aka daina samar da shi. Saboda haka maimakon ka ɓata lokaci wajen neman tsohuwar manhaja, fara tambayar kanka: wane aiki nake yi da ita? Amsar ce za ta nuna maka wadda za ka sauke.

Idan tsofaffin ayyukanka kake nema

Shiga Microsoft Store ka nemi Microsoft Photos Legacy. Ita ce tsohuwar Photos, kuma Video Editor yana cikinta. Amma ka ɗauke ta a matsayin mafaka ta ɗan lokaci, domin ba a ƙara mata komai. Idan kuma ba ka riga ka sabunta ba, fitar da duk aikin da ka gama zuwa MP4 tukuna. Fayil ɗin aiki ba bidiyo ba ne, jerin umarni ne kawai da ke nuna inda aka yanke da inda aka sa rubutu, kuma manhajar da ta rubuta shi ce kaɗai ke gane shi. Shi ya sa fayil ɗin .wlmp na Movie Maker ba zai buɗu a Clipchamp ba.

Idan yanka kawai kake yi

Mafi yawan mutane abin da suke so bai wuce cire farko ko ƙarshen bidiyo ba. Wannan ba ya buƙatar babbar manhaja. LosslessCut kyauta ce, kuma tana yanke bidiyo ba tare da sake sarrafa hoton ba. Amfanin haka biyu ne: kyan hoton ba ya raguwa, kuma aikin yana ƙarewa cikin daƙiƙu ko da kwamfutar ba ta da ƙarfi. Ga masu son rubuta umarni, FFmpeg na yin aiki iri ɗaya:

ffmpeg -ss 00:01:00 -to 00:02:30 -i asali.mp4 -c copy sabo.mp4

Sai dai ka lura da abu guda. Bidiyo ba ya adana kowane hoto cikakke, sai jefi-jefi, sauran kuma bambanci kawai ake adanawa. Wannan hanya tana fara yankan ne daga cikakken hoto mafi kusa, don haka yana iya kauce wa inda ka zaɓa da ɗan kaɗan.

Idan haɗawa da sa rubutu da sauti kake yi

Clipchamp, wadda Microsoft ta saya a 2021, tana zuwa tare da Windows 11. Tana da sauƙin koyo, kuma tana fitar da bidiyo har 1080p kyauta. Matsalarta ita ce sai ka shiga da asusun Microsoft, kuma ta dogara da intanet. Ga wanda ke lissafin data ko yake inda sabis ke ɗaukewa, wannan ba ƙaramin cikas ba ne.

A nan Shotcut da Kdenlive suka fi dacewa. Duka biyun kyauta ne, ba sa manna tambarinsu a kan bidiyonka, kuma da zarar ka sauke su ba ka ƙara buƙatar intanet. Suna buɗe bidiyon HEVC da wayoyi irin su iPhone ke ɗauka, wanda a Windows wani lokaci sai ka sayi ƙarin manhaja kafin ya buɗu. Idan bidiyon yana sarƙewa yayin da kake aiki, kunna tsarin Proxy. Manhajar za ta yi ƙaramin kwafi mara nauyi ka yi aiki da shi, sannan ta koma kan na asali lokacin fitarwa.

DaVinci Resolve ma tana da nau'in kyauta, kuma ƙwararru na amfani da ita wajen gyaran launi. Amma tana cin RAM sosai, tana son katin hoto mai ƙarfi. Idan tsohuwar laftof gare ka mai RAM 4GB, kada ma ka ɓata datarka.

Gargaɗi

Har yanzu akwai shafukan da ke cewa suna ba da Movie Maker kyauta. Microsoft da kanta ta yi gargaɗin cewa ba na gaskiya ba ne, kuma suna iya ɗauke da ƙwayar cutar kwamfuta. Wasu kuma sai ka gama aikinka su nemi kuɗi kafin ka fitar da shi. Kowace manhaja da muka ambata, sauke ta daga shafin masu ita ko daga Microsoft Store.

Daga yau, duk bidiyon da ka gama, ajiye MP4 ɗinsa tare da hotuna da sautin asali a jaka guda, ka kwafa zuwa filash ko wani faifan ajiya kafin ka danna maɓallin sabuntawa na gaba.