Jibiya: Filayen da Harkar Fetur Ta Bari a Baya

Gidajen man da suka jeru a hanyar Katsina zuwa Jibiya har kan iyakar Magama sun fi ƙarfin buƙatar motocin yankin. An gina su ne a zamanin da tallafin gwamnati ya sa fetur ke da araha a Najeriya, ana dura shi a jarkoki ana tsallakawa da shi Ɗan Isa da Maraɗi a Nijar. Wannan kasuwa ta sha bugu a jere: rufe iyaka a Agustan 2019, hana kai mai ga gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban shekarar, cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, sai kuma sake rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar a Yulin 2023. An yi ta lissafin asarar ciniki da ayyukan yi, amma akwai wata asarar da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, wato filayen da suka shekara da shekaru suna shan mai. A ganina, bai kamata a mayar da irin waɗannan filaye gidaje ko gonaki ba sai an auna su.

Tankin da aka binne, idan aka daina kula da shi, tsatsa na huda shi, ragowar man da ke ciki ya tsiyaye. Haka abin yake a wuraren dura jarkoki, da garejin makanikai inda ake zubar da baƙin mai, da rumfunan masu fasa tsohon batir don cire dalma. Ƙasar yankin jigawa ce, ba ta riƙe abin da aka zuba mata, sai ta miƙa shi ga ruwan da rijiyoyi ke sha. Fetur na ɗauke da sinadarin benzin mai haddasa sankarar jini. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya same shi a rijiyoyin Ogale da ke ƙasar Ogoni, ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Jibiya ba Ogoni ba ce wajen girman ɓarna, amma hanyar da mai ke bi ya isa rijiya ɗaya ce. Ga kuma ambaliya irin ta Yulin 2018, wadda ta hallaka fiye da mutum 40 a garin; ruwa irin wannan kan kwashi dattin wuri ya watsa cikin fadama, kuma gulbin da ya ratsa Jibiya shi ne ke gangarawa Maraɗi.

Abin da ya sa lamarin ya zama na gaggawa shi ne matsin wurin zama. Hare-haren 'yan bindiga sun kori mutanen ƙauyuka irin su Shimfiɗa zuwa cikin gari, kuma wanda ya baro gonarsa da dare ba zai tsaya tambayar tarihin kangon da ya samu ba. Yara ne kan gaba wajen cutuwa, domin su ke wasa cikin ƙasa suna kai hannu baki.

Maƙwabciyarmu Zamfara ta riga ta biya kuɗin wannan darasi da rayuka. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Aikin da ya dakatar da mutuwar ba mai sarƙaƙiya ba ne: an auna ƙasa gida-gida da na'urar hannu, an kankare saman da ya gurɓata, an binne shi a rami na musamman, an shimfiɗa sabuwar ƙasa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba su iya fara ba yaran garin Bagega na Zamfara magani ba sai da aka share garin a 2013, bayan jinkirin sakin kuɗi daga gwamnatin tarayya, saboda yaron da aka wanke wa jini idan ya koma tsakar gida mai guba aikin banza aka yi. Dalma ba ta ruɓewa, dole a kwashe ta. Fetur ya fi sauƙi: a tono tanki, a baje ƙasar, a gauraya ta da taki ana juyawa har ƙwayoyin halitta su cinye man.

Wani zai ce garin da ke fama da satar mutane da tsadar abinci ba shi da lokacin auna ƙasa. Uzurin na da nauyi, sai dai rashin tsaron ne ke tura mutane kan waɗannan filaye, don haka ba a raba matsalolin biyu. Maganar kuɗi ma tana da amsa. Ba kowane fili ne zai buƙaci shara ba, awo ne zai tantance, kuma filin da bai dace da gida ko lambu ba ana iya dabe shi da siminti ya zama tashar manyan motoci ko wurin ajiyar kaya, abin da garin kan iyaka ke buƙata. Ƙorafin da ya fi wuyar amsawa na masu filayen ne, waɗanda ke tsoron awo ya karya darajar kadararsu. Tsoron gaskiya ne, amma ɓoye aibin kaya ga mai saye abu ne da addini da doka suka haramta, kuma wanda ya ci ribar man shi ya fi cancanta ya ɗauki nauyin gyara, ba ɗan gudun hijira ba.

Hukumomin da aikin ya rataya a wuyansu suna nan: NMDPRA da ke ba gidajen mai lasisi, NESREA da aka kafa a 2007 don tabbatar da dokokin muhalli, da ma'aikatar muhalli ta Jihar Katsina. Su fara da ƙidayar gidajen man da suka daina aiki tsakanin Jibiya da Magama, a gwada ruwan rijiyoyin da ke kewaye da su, kuma kada a ba da izinin gini a kan ko ɗaya sai an tono tankinsa.