Gidan siminti na Malbaza da haƙƙin maƙwabta

Duk wanda ya bi babbar hanya daga Ƙonni zuwa Madawa ya ga gidan siminti na Malbaza. Tun daga nesa ake hango dogayen gine-ginensa. Manyan motoci suna jere bakin ƙofa, suna jiran kaya. Yau za mu yi magana bisa wanga gida, da zaman da shike yi cikinmu. Mi ya wajaba babban kamfani shi yi ma mutanen da ke kewaye da shi? Mi ne ne dole, mi ne ne kyauta? Mu kuma, mi ke bisa wuyanmu?

Yadda gidan ya samu

Lokacin da ƙasarmu ta samu mulkin kai a 1960, siminti daga waje shike zuwa. Nijar ba ta da bakin teku. Kafin buhu shi iso nan, kuɗin mota ya ƙara masa tsada. Don haka gwamnati ta kafa kamfanin siminti na ƙasa, wanda ake ce ma SNC. Ya fara aiki a Malbaza a 1966, zamanin shugaba Diori Hamani. Ƙarfinsa wajen tan 40.000 ne a shekara. Tan guda buhu 20 ne, kowane buhu kilo 50. Ke nan buhu 800.000.

A 1998 gwamnati ta sayar da mafi yawan rabonta ga wani kamfanin ƙasar Norwe mai suna Scancem. Daga baya anka gina sabon gida babba, na kamfanin MCC, anka yi bikin buɗe shi a 2019. An gina shi don shi iya fitar da tan 650.000 a shekara, wato buhu miliyan 13. Ya ninka tsohon har sau 16. A Badagishiri ma, cikin gundumar Illela, ƴan ƙasar Sin sun gina wani gidan siminti.

Don mi anka zaɓi Malbaza? Don dutse. Ƙarƙashin ƙasarmu akwai farin dutse mai yawa. Masana sun ce shekaru miliyoyi da sunka wuce, teku ne ya rufe ƙasar Adar. Ɓawon ƙananan halittun ruwa ne ya taru, ya daskare, ya zama wanga dutse. Shi ya sa wani lokaci yaro mai kiwo kan tsinci dutse mai kamar katantanwa bisa tudu, inda ko rijiya babu.

Ana haƙo dutsen, a niƙa shi tare da laka. A zuba cikin wani dogon murhu na ƙarfe mai juyawa. Zafin cikinsa ya kai awo 1.450, alhali ruwa a awo 100 shike tafasa. Abin da ya fito sai a sake niƙa shi da ɗan wani dutse mai walƙiya da ake ce ma jips. Shi ke hana siminti saurin daskarewa tun magini bai gama aiki ba.

Ku riƙe wanga lissafi. Kafin a samu tan guda, sai an ƙona wajen tan guda da rabi na dutse da laka. Dutsen daga wani fili anka haƙo shi. Niƙa tana tada ƙura. Motoci suna bin hanya dare da rana. Simintin zai tafi Yamai, Maraɗi da Damagaram. Rami da ƙura kuwa nan za su zauna tare da mu. Daga nan maganar haƙƙi ta taso.

Goro ba shi biyan bashi

A ce wani ya ci bashinka jika goma. Bai biya ba. Ranar salla ya aiko maka da goro. Ka gode, don goro alheri ne. Amma jika goma tana nan bisa wuyansa.

Haka abin shike tsakanin kamfani da gari. Akwai abin da doka ta ɗora masa: wannan bashi ne. Akwai abin da shike yi don ganin dama, kamar buhun shinkafa da azumi ko gyaran masallaci: wannan goro ne. Mutane da yawa suna haɗa biyun. In an ba su goro, sai su ji kunyar tambayar bashi. A ganinmu nan ne talaka ya fi yin hasara.

Maganar gona

Wagga ita ce babba, don haka za mu daɗe bisa gare ta. In aiki ya biyo ta gonarka, ba a karɓe ta hakanan. Akwai doka tun ta 1961, wadda anka gyara a 2008. Ta ce in za a karɓi filin mutum don aikin amfanin jama'a, sai an biya shi diyya ta adalci, kuma kafin a karɓa, ba bayan an karɓa ba. In kuwa kamfani ne ke son saye, to ciniki ne, sai da yardarka.

Amma wa zai shaida gonar taka ce? Dokar karkara ta 1993 ta yarda da gonar gado, ko da babu takardar Turawa. Ta kuma kafa kwamitocin filaye da ake ce ma Kofo. Akwai na gunduma, akwai na kwamin, akwai na ƙauye, inda mai gari ke shugabanci. Wurinsu ake samun takardar shaidar gado, ta saye, ta aro ko ta jingina. Kada ka jira sai ranar da masu awo sunka zo. Ranar nan kowa zai tuna kakansa ya taɓa noma wurin.

In masu awo sun zo, ka tsaya da ƙafarka. Ka ga inda sunka kafa alama. A ƙirga itatuwa: gawo, aduwa, magarya, mangwaro. A rubuta rijiya in akwai, a rubuta rumbu. A tuna da wanda ke noma gonar bisa aro, don shi ma abincinsa ne ya tafi. A tuna da mata masu rabon gado. Sau da yawa wa ko ƙane kan karɓi kuɗin shi kaɗai, rigima ta shiga gida har ɗiya da jikoki.

Kada ka dangwala yatsa bisa takardar da ba ka san abin da ke ciki ba. In da Faransanci anka rubuta ta, ka nemi wanda ka amince da shi shi fassara maka. Ka karanta lambobin da kanka, ai abin da kake koyo ke nan a ajin yaƙi da jahilci. Sifiri guda ne tsakanin 50.000 da 500.000. Ka karɓi taka takardar, ka ajiye inda gara da ruwa ba su kai.

Wani abu kuma. Gona tana ba ka hatsi kowace shekara. Kuɗin diyya sau guda ake ba da su. Wanda ya sa su ga biki ko sabon babur, bayan damina biyu ba gona, ba kuɗi. In da hali, a nemi wata gona a saya tun kuɗin ba su narke ba.

Ƙura, rami da ruwa

Dokar kare muhalli ta 1998 da wata ta 2018 sun ce kafin a kafa babban aiki sai an yi bincike. Mi zai ɓata? Wa zai cutu? Yaya za a gyara? Akwai ofishin gwamnati mai suna BNEE da ke duba wanga bincike. Dole kuma a tara mutanen wurin, a ji ta bakinsu. Alkawuran da kamfani ya ɗauka ana rubuta su. Kuna da ikon tambayar hukumar kwamin mi anka rubuta.

Ƙurar dutse da ta siminti ba ƙurar hunturu ba ce. In mutum ya daɗe shina shaƙar ta, tana kawo tari da ciwon ƙirji, tana cin ido. In ta kwanta bisa ganye, shuka ba ta jin daɗi. Maganin abin sananne ne. Akwai na'urorin tace ƙura da ake sa ma bututun hayaƙi. Ana yayyafa ruwa bisa hanyar motoci. Ana rufe kaya da tamfol. In za a fasa dutse da nakiya, sai an yi shela tukuna. Duk waɗanga suna cin kuɗi, shi ya sa ake buƙatar ido bisa kowane kamfani, komi kyan sunansa.

Ramin da anka gama haƙa, aikin kamfani ne shi gyara shi, ko shi kewaye shi. Da damina ruwa na cika irin waɗanga ramu. Yara na zuwa wanka, dabbobi na zuwa sha, ga sauro. Ku dubi arewa. A ƙasar Arlit, kamfanin Cominak ya yi shekara fiye da 40 shina haƙar yuraniyom. Ya rufe ranar 31 ga watan Maris na 2021. Ya bar tulin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20, wadda sai an rufe ta don kada ta cuci mutane. Dutsenmu ba shi da irin waccan guba. Amma maganar gyaran wuri, tun kamfani na samun riba ake yin ta.

Ma'aikata

Dokar aiki ta 2012 ta shafi kowa, babban kamfani da ƙarami. Tun watan Janairu na 2024, albashi mafi ƙanƙanta a ƙasarmu jika 42 ne a wata. Mai aiki shina da haƙƙin a rubuta sunansa a asusun ma'aikata, wato CNSS. Asusun ne ke biya in ya ji rauni wurin aiki, shi ke ba da fansho in ya tsufa. Hular ƙarfe, takalma, safar hannu da abin rufe hanci, mai gidan aiki ne ke ba da su. Ɗanyen siminti shina ƙona fata. Wanda an ba shi kayan kariya ya rataye su don zafi, shi ya cuci kansa.

Inda abin ya fi wuya shi ne wurin ƴan kwangila. Babban kamfani kan ba wani aikin lodi, gadi ko shara. Shi kuma shi ɗauki samari da baki, babu takarda. Kamfanin kirki shina bin sawu, shi ga an biya su daidai. Wanda anka danne ma haƙƙi, akwai ofishin masu binciken aiki da ke karɓar ƙara.

Samari na cewa: ga gida a garinmu, amma baƙi ke aiki. Kukan nan shina da dalili, kuma ya kamata a fara duba ɗiyan wuri. Sai dai a faɗi gaskiya. Gidan siminti na zamani injuna ne ke yawancin aikinsa. Shina neman mai gyaran lantarki, makaniki, mai walda, mai awo a ɗakin bincike. In za ku roƙi kamfani abu guda, ku roƙi shi koya ma yaranku waɗanga sana'o'i.

Kuɗin da ke shiga baitulmali

Kamfani shina biyan haraji. Dokar ma'adinai ta 2006 ce ta kawo tsarin ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin ma'adinai don kwaminonin jihar da anka haƙo arzikin. Tambayar inda kuɗin sunka shiga, wurin hukuma ake yin ta, ba ƙofar kamfani ba.

Namu mudun

Ba manya kaɗai ke da mudu ba. A daminar 2024 ruwa ya rushe dubban gidaje a ƙasarmu. Cikin watan Oktoba na shekarar gwamnati ta rage kuɗin siminti don mutane su iya sake gini. Ɗan kasuwar da ya ɓoye kaya don su yi tsada, da kuɗin wanda gidansa ya faɗi shike wasa. Haka wanda ke buɗe buhu shi rage kwano biyu shi ɗinke. Haka mai sayar da simintin da ya sha raɓa ya yi ƙulalai. Haka mai buga bulo da ke cika rairayi don buhu guda shi ba shi bulo da yawa. Bangon zai tsaya da rani, shi faɗi da damina, wataƙila bisa yara. Mai tara jips don sayarwa, shi ma kada shi haɗa da ƙasa ko shi jiƙa don nauyi. Malamanmu sun sha karanta mana surar da ta yi kashedi ga masu tauye awo.

In kamfani zai yi alheri

Aji, rijiya, ɗakin haihuwa, gyaran hanya: duk muna so. Amma a tambayi gari tukuna. A tambayi mata, don su ke ɗaukar ruwa, su ke kai yaro likita. Kada maganar ta tsaya zauren mutum biyu ko uku. A rubuta abin da za a yi, da ranar gamawa, da wanda zai riƙa gyara. Famfo nawa ne ke tsaye cikin ƙauyukanmu don ƙaramin ƙarfe guda ya lalace, ba a san wanda zai saya ba?

In kuna da kuka, tare hanya ko jifar mota ba su kawo biyan bukata, sai dai su kai samari gidan kaso. Ku zauna da mai gari, ku rubuta takarda. Ku sa ranar da abin ya faru, da wurin, da abin da ya ɓaci, da sunayen shaidu. Ku yi ta kashi uku: guda ga kamfani, guda ga hukumar kwamin, guda hannunku. Wanda ya karɓa shi buga hatimi bisa taku, shi sa kwanan wata. In wata guda ya wuce babu amsa, ku ɗauki taku mai hatimi ku kai ofishin shugaban gunduma.