Kifin da Ke Kwana Cikin Dafi

Duk wanda ya haɗa akwatin gilashi na ruwan gishiri a ɗakinsa, ya jera duwatsu, ya dasa murjani, wata rana zai tsaya yana tambayar kansa wane kifi zai saka wanda idon baƙo zai fara sauka a kansa. Mu da muka tashi da labarin giwan ruwan Argungu, zuciyarmu takan karkata ga babba. Sai ido ya faɗa kan shuɗin kifin nan mai rawayar wutsiya da yara ke kira Dori. Kyakkyawa ne, ba musu. Amma yakan kai kusan santimita 30, ba ya gajiya da iyo, yana buƙatar tanki mai cin ɗaruruwan lita, kuma da ya takura sai ciwon fararen ɗigo ya feso masa a jiki. Ga wata ƙaya mai kaifi a gindin wutsiyarsa da ke iya tsaga hannu, kyan ɗan maciji ke nan. Kifi a ruwa sarki ne, amma sai ruwan ya ishe shi.

Ni dai in an tambaye ni, ɗan ƙaramin nan nake nunawa, mai launin lemo da fararen ɗamara uku, kowace da baƙin kalmasa a gefe. Tun da fim ɗin Finding Nemo ya fito a 2003 duniya ta san shi da Nemo. Tsawonsa bai cika wuce santimita 11 ba. Asalinsa ruwan ɗumi ne na gabashin Tekun Indiya da yammacin Fasifik, wajen Indunusiya da Filifin da arewacin Ostareliya. Danginsa sun kai iri 30, kuma ko ɗaya babu a Tekun Atlantika.

Ka tsaya ka kalli iyonsa. Ba ya tsaga ruwa kamar sauran kifaye, rangaji yake yi, kai sama wutsiya ƙasa, yana kaɗa jiki duka a wuri ɗaya. Mai irin wannan tafiya ba zai tsere wa maƙiyi ba, shi ya sa ya nemi mafaka inda kowa ke tsoro. Akwai wata dabba a teku mai suna anemoni, ka gan ta sai ka ce fure ne, alhali kowane yatsa nata cike yake da dafin da ke shanye ƙananan kifaye. A tsakiyar waɗannan yatsu Nemo ke kwana. Wata majina ce a fatarsa ke hana dafin tashi, kuma in ya samu sabuwar anemoni yakan fara da gogar ta kaɗan-kaɗan, ya taɓa ya ja baya, har su saba. Cikin ire-iren anemoni sama da 1,000, kusan 10 kaɗai ke karɓar wannan baƙo. Shi ma ba zaman banza yake yi ba: yana korar kifayen da ke gutsurar yatsun uwar ɗakinsa, kashinsa taki ne gare ta, motsinsa da dare yana kawo mata sabon ruwa. Cuɗe ni in cuɗe ka.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tsarin gidansu. A kowace anemoni mafi girma mace ce, ita ke da gida. Mai bi mata shi ne mijin. Sauran ƙananan suna nan a jere, ba aure ba haihuwa, kowa na jiran lokacinsa. A 2003 wani masani, Peter Buston, ya bayyana abin da ya gani a ruwan Papuwa Niyu Gini cikin wani nau'i ɗan'uwan Nemo: kowane kifi yana tauye girmansa ya tsaya wajen kashi 80 cikin 100 na tsawon wanda ke gabansa. In ya kuskura ya kusa kamo shi, kora ce, kuma wanda aka kora daga anemoni abincin wani ne. Sun gane tun tuni cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ranar da uwar gida ta mutu kuwa, sai ikon Allah ya bayyana: mijin ya ƙara girma, jikinsa ya juye ya zama mace, babba cikin masu jira ya hau matsayin miji.

Wannan ilimi yana da amfani kai tsaye ga mai tanki. Ka sayi biyu ƙanana, ko ɗaya ya ɗan ɗara ɗaya, su da kansu za su raba matsayi. Za ka ga ƙaramin ya karkace yana karkarwa a gaban babbar, alamar ya miƙa wuya. Ka haɗa manyan mata biyu kuwa, faɗa ba ranar ƙarewa. In sun natsu, wata rana za ka tarar da ƙwai masu launin lemo manne a jikin dutse, mijin na tsaye a kansu yana yi musu fifita da fukafukansa, yana tsince waɗanda suka lalace da baki, har su ƙyanƙyashe bayan kamar mako guda, cikin duhu.

Kada ka yi gaggawar sayen anemoni. Tana son haske mai ƙarfi da tankin da ya yi watanni yana aiki, in kuma ta mutu takan ɓata ruwan gaba ɗaya. Nemo na rayuwa lafiya lau ba ita, sai ya zaɓi wani murjani mai laushi, ko ma kusurwar tanki, ya ce nan ne gida. Ka kuma yi hattara da ɗan'uwansa mai launin jan goro, wanda ya fi shi girma da zafin rai, har hannun mai ba shi abinci yakan ciza.

Sai batun inda aka samo shi, wanda a wurina ba ƙaramin abu ba ne. A wasu sassan Filifin da Indunusiya an daɗe ana fesa gubar sayanaid cikin murjani don a sumar da kifi a kama, murjanin ya mutu, kifin ma sau da yawa ya biyo baya. Nemo kuwa tun shekarun 1970 ake kiwonsa a tanki, don haka ka tambayi mai sayarwa, ka nace sai ɗan kiwo. Ya saba da abincin gwangwani, ya fi jure zaman gilashi.

Lita 80 zuwa 100 ta ishi biyu. Gishiri wajen giram 35 a kowace lita, ɗumin ruwa tsakanin digiri 24 da 27. Inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, a tanadi batir ko sola tun kafin a kawo kifin, domin in famfon tankin ya tsaya iskar ruwan na ƙarewa cikin 'yan sa'o'i, kuma haƙƙin dabbar da ka tsare yana wuyanka. In an kula da shi yakan haura shekara 10, wasu ma har 20.