Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Sirrin Gidajen Burukutu a Samaru da Sabon Gari

A lungunan bayan Samaru, da gefen barikokin soja, da wasu sassan Sabon Garin Zariya, akwai gidajen da ba su da allon sanarwa, ba firji, ba janareto, ko fenti babu a bango. Rumfa ce da benci uku ko huɗu, sai randa a gefe. Amma wata rana tun kafin azahar za ka tarar benci ya cika maƙil, har wasu sun kifa turmi sun zauna, kowa riƙe da ƙoƙonsa. Ka dawo washegari a daidai wannan lokaci, ba kowa sai kaji suna tonon dusa. Ba a yi kame ba, ba a yi rasuwa ba, ga matar gidan nan lafiya lau tana shanya hatsi. To ina mutanen jiya suka shige?

Ƙaramar tambaya ce, amma tana goye da babba. In lissafi za a bi, bai kamata gidajen burukutu su kawo yau a Zariya ba. Musulunci, addinin mafi yawan mutanen garin, ya haramta giya, kowa ya san wannan. A watan Maris na 1987, da rikicin Kafanchan ya fantsamo zuwa Zariya, an ƙona coci-coci, an haɗa da otal-otal da mashayu. A ƙarshen 2001 jihar Kaduna ta fara aiki da shari'a a kan Musulmi. Ga kuma kamfanonin giyar kwalba a Kaduna, tafiyar kilomita 80 kacal, da manyan motocinsu da tallarsu. Duk da haka tukunyar tsohuwa mai burukutu ba ta sauka daga murhu ba. Bin diddigin dalili ba talla ba ne ga abin da addini ya hana. Neman sanin yadda garin da muke zaune a ciki yake tafiya ne.

Amsar da kowa yake fara kawowa ita ce araha. Lebura da ɗan acaba da ƙaramin soja ba su da kuɗin kwalba, sai su nufi ƙoƙo. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai mu gida ba. Wanda buguwa kawai yake nema a kuɗi kaɗan yana da hanya mafi sauƙi: ogogoro, da barasar leda da ta cika kasuwanni har hukumar NAFDAC ta shelanta hana ta a farkon 2024. Leda ɗaya ta fi burukutu ƙarfi nesa ba kusa ba, don shi ƙarfinsa bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari ba, ga kauri, yana cika ciki kafin ya hau kai. Ita leda ana sa ta a aljihu a sha a ɓoye. Da araha ce kaɗai, da tuni leda ta kwashe bencin nan. Sannan araha ba ta gaya mana abin da ya sa gida yake cika yau ya bushe gobe ba, tunda farashin bai sauya da daddare ba.

Amsa ta biyu tarihi ce, kuma tana da nauyi. Yarjejeniyar Birasals ta 1890 ta ɗora wa ƙasashen Turai hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Da Gwamna Lugga ya kafa mulkin Arewa a 1900 sai ya riƙe wannan, dokar giya ta 1917 kuma ta ƙara tabbatar da Arewa a matsayin yankin hani. Amma Bature da kansa ya buɗe ƙofar da ya ce ya rufe. Jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, aka kuma ja wani ƙaramin layi daga Zariya zuwa wuraren haƙar kuza na Jos. Reluwe tana buƙatar akawu da makaniki da lebura, sai aka yanka musu Sabon Gari kusa da tasha, nesa da ganuwar Birni, aka sa shi ƙarƙashin jami'in Bature maimakon alƙalin Sarki. A 1924 aka kafa Defo, inda ake horar da kuratan soja. Can arewa maso yamma, a kan hanyar Sakkwato, aka buɗe gonar binciken noma a Samaru a 1922, wadda ta jawo leburori daga ƙasashen da giyar dawa take cikin biki da gayya da zaman makoki: kudancin lardin Zazzau, Filato, Binuwai. Jami'ar Ahmadu Bello ta zo a 1962 ta ƙara yawan baƙi. Mutanen nan sun taho da matansu, matan kuma sun taho da sana'ar iyayensu.

Wannan ya warware mana dalilin da ya sa ake samun gidajen a Samaru da Sabon Gari, ba a unguwannin Birni irin su Ƙofar Doka ko Kwarbai ba. Sai dai tarihi ya faɗi inda aka shuka abin ne kawai, bai faɗi abin da yake shayar da shi ba. Layin Jos an tuge shi tun 1957, reluwe ta yi dogon barci, otal-otal da yawa da suka yi tashe a Sabon Gari sun rufe. Tarihi ɗaya ya haife su tare da gidajen burukutu, amma wasu sun mutu wasu sun rayu.

Amsa ta uku ita ce wadda mashayan kansu suke so: wai burukutu na dawar ƙasarmu ne, kwalba kuwa ta sha'irin Turai ce, jiki ya fi karɓar nasa. Da can haka ne. Kamfanin Nigerian Breweries, wanda ya fitar da Star a Legas a 1949 ya kuma buɗe reshe a Kakuri, Kaduna, a 1963, da tsiron sha'ir na waje yake aiki. Amma a farkon 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da shi, dole kamfanoni suka juyo kan dawa da masara. Ɗaya daga cikin ire-iren dawar da suka fi yi musu aiki kuwa, gajerar kaura mai lamba SK5912, daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya fito. Har yau dawa tana cikin giyar kwalba da lemukan malt da Musulmi da Kirista suke sha a wurin biki. Ashe kamfani da tsohuwa kasuwar hatsi ɗaya suke ci. In bambanci yana nan, ba a buhu yake ba. Sai a leƙa tukunya.

Aikin burukutu yana cin kusan mako. Ana jiƙa dawa ta kwana, a tsame, a baza a ƙasa a lulluɓe da buhu ko ganye, ana yayyafa ruwa safe da yamma har ta yi tsiro, kwana uku zuwa biyar. Tsiron nan shi ne yake juya garin hatsin ya zama zaƙi. Sai a shanya a rana, a kai inji a niƙa, a dama da ruwa a duro, a dafa, a bar shi ya kwana ya yi tsami, a sake ɗora shi a wuta na awoyi, ana juyawa da muciya mai tsawon mutum, hayaƙi yana cin ido. In ya huce sai a zuba masa ɗan ragowar tsohuwar dahuwa, wanda yake ɗauke da yis, a rufe. Da asuba za ka ji randa tana tsuwwa, kumfa yana tasowa yana fashewa ba tare da wuta a ƙarƙashi ba. A haka ake sayar da shi, yana kan tafasar kansa.

Na tambayi wata dattijuwa da ta tsufa a sana'ar: "Mama, tunda wahalar ɗaya ce, me zai hana ki dafa duro biyar ki ajiye, ki huta?"

Ta yi dariya har ta ajiye ludayi. "Ɗana, wannan ai ba ya jiran kowa. Da safe zaƙi, da rana ƙarfi, jibi sai dai ka ba alade. In na toshe shi a jarka kuma ya fasa ta."

A nan zaren ya fara warwarewa. Kamfani yana tace giyarsa, ya gasa ta da zafi har ƙwayoyin da ke cikinta su mutu, shi ya sa kwalba take wata da watanni a shago, ta je Funtuwa ta je Gusau ba ta sauya ba. Burukutu kuwa da ransa ake shan sa. Yis yana ci gaba da cin zaƙin, bayansa kuma wasu ƙwayoyin suna biye suna mayar da barasar ruwan tsami. A zafin Zariya, kwana ɗaya ko biyu ne ganiyarsa.

Yanzu a haɗa biyun: aikin mako guda, cinikin yini guda. Mace ɗaya ba za ta iya fitar da sabo kullum ba, ga kuɗin dawa, ga itace, ga ƙarfin jiki. In kuma mata biyar na unguwa suka sauke tukunya rana ɗaya, masu sha ba za su iya shanyewa ba, dukkansu sun yi asara. Saboda haka inda masu dafawa suka yi yawa sai su raba kwanaki, kamar adashi: yau ɗaukar wance, gobe ta wance. Mutanen da suka ɓace daga bencin jiya ba su je ko'ina ba. Suna lungu na gaba, a gidan da randarsa ta nuna yau. Matar da ka gani tana shanya hatsi kuma ba karyewa ta yi ba, tana tsakiyar aikin mako mai zuwa ne. Allon sanarwa ba shi da amfani ga wanda ya riga ya haddace ranar kowa.

Babbar tambayar ma a nan amsarta take. Abin da ake gani rauni ne, wato saurin lalacewa, shi ne katangar sana'ar. Abin da ba ya ajiyuwa ba a loda shi a tirela, don haka da wuya babban ɗan kasuwa ya ƙwace cinikin. A kudancin Afirka kamfanin Chibuku ya gwada sayar da giyar dawa mai rai a kwali, amma sai da ya huda kan kwalin don iska ta fita, ya kuma kakkafa ƙananan masana'antu kusa da masu saye. Abin da ba ya ajiyuwa kuma ba a cika kai shi ɗaki a sha a kaɗaice ba. Dole a zo inda yake, a lokacin da ya nuna, sai fuskoki iri ɗaya su riƙa haɗuwa a sa'a ɗaya. Daga nan sauran suke tsirowa. Matar gidan ta san wanda albashinsa bai shigo ba ta ɗaga masa ƙafa zuwa ƙarshen wata. Ta san wanda ya isa haka ta ce, "Oga, tashi ka tafi gida, madam tana jira." Baƙo kan sami ɗanɗano kyauta kafin ya saya. Birkila yana jin inda ake neman ma'aikata, ɗan ƙauyen da ya sauka jiya yana samun wanda ke jin yarensa. Mai itace, mai inji, mai tsire a bakin ƙofa, da mai kiwon da ke sayen dusa, duk a jikin randar suke ci. Kuma da yake jarin duro ne da murhu, in an rushe rumfa yau, mako mai zuwa an kafa wata. Mai otal da ya zuba miliyoyi a gini ba shi da wannan sauƙin.

Ingila ta bi ta irin wannan hanyar. Da manyan kamfanoni suka cika mashayun ƙasar da giyar da aka gasa aka cusa wa iska, wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare giyar ganga, wadda yis ɗinta yake da rai, wadda kuma in an buɗe ta sai a shanye cikin kamar kwana uku. Mashayar da ba ta da 'yan unguwa masu zuwa kullum ba za ta iya ajiye irin wannan ganga ba, sai ta yi tsami a hannunta. Duk da haka mashayun Birtaniya sun ragu daga kimanin 60,000 a 2000 zuwa ƙasa da 50,000 yanzu, galibi saboda haraji, kuɗin haya da wuta, da giya mai araha ta manyan kantuna da ake kai wa gida.

Gano sirrin abu ba wanke shi ba ne. A bencin nan albashi yana narkewa, akwai matan da suke kwana da kuka, akwai maƙwabtan da hayaniya ta ishe su, kuma ruwa da duron da ake aiki da su ba kullum suke da tsabta ba. Amma darasin da ke ciki ya wuce giya. Teburin mai shayi a bakin titin Samaru da inuwar da 'yar Fulani take dama fura da nono a kasuwar Sabon Gari a kan wannan ƙa'idar suke tsaye: abu sabo da ba ya kwana, lokaci sananne, da mai sana'ar da ya san sunan kowa da aljihunsa. Shi ya sa lemon kwalba da shayin leda ba su tashe su ba.

Wannan ƙa'idar kuma ita ke nuna ta inda haɗari zai ɓullo. Sana'ar da ta tsallake dokar Bature da wutar 1987 ba ta da garkuwa daga tsadar mudun dawa da ta itace, don ba ta iya ajiye kaya ta jira farashi, kuma masu sayenta ba sa ɗaukar ƙari. Tana buƙatar tsakar gida mai faɗi ta shanya da murhu, alhali a Samaru duk mai fili ya san ɗakunan hayar ɗalibai sun fi kawo kuɗi. Ranar da mata biyar na lungu suka koma biyu, kwanakin mako za su yi giɓi, mai zuwa kullum zai tarar da ranakun da babu, leda kuma tana nan a kowane kiyos tana jiransa.