ASABAR DA LAHADI A GIDAN BA'AMURKE

Kakannin mutanen Amurka kwana shida su ke aiki a mako, Lahadi kaɗai su ke hutawa. A cikin shekara ta 1926 Henry Ford, mai masana'antar motoci, ya mai da aikin ma'aikatansa kwana biyar. Sa'an nan a 1938 Gwamnati ta kafa dokar ƙwadago, wadda daga 1940 ta tsai da aikin mako a kan awa 40, abin da ya haura kuwa sai an biya ladan ƙari. Tun daga nan Asabar da Lahadi suka zama na iyali. Muna so mu duba yadda su ke cin kwanakin nan biyu, musamman da hunturu, domin akwai abin lura a ciki ga duk wanda aka damƙa wa 'ya'yan mutane a makaranta.

Da safiyar Asabar maigida ko uwargida kan ɗebi yara a mota zuwa wurin wasa, daga can a zarce babban kanti a yi cefanen mako guda. Maigida da kansa ya kan gyara abin da ya lalace a gida, gama ladan kafinta da mai gyaran famfo yana da tsada a can. Da maraice a gayyato abokai cin abinci. A gidaje da yawa a kan ajiye kwalbar giyar inabi a tebur, kuma wajen kashi 80 cikin 100 na wadda a ke yi a ƙasar daga jihar Kalifoniya ta ke fitowa. Su kansu sun daɗe suna kokawa da sha'anin giya. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta yinta da sayar da ita a ƙasar duka, kuma dokar 1984 ta sa kowace jiha ta hana sayar wa wanda bai cika shekara 21 ba. In an gama cin abinci sai kowa ya koma gaban talabijin, domin daga Nuwamba zuwa farkon Afrilu lokacin ƙwallon kwando ne na jami'o'i.

ASALIN WASAN

'Yan'uwa malamai za su ji daɗin sanin cewa a makarantar horo aka haifi wasan nan. A watan Disamba na 1891, a garin Springfield na jihar Massachusetts, akwai wani malami mutumin Kanada, James Naismith, a makarantar da ke horon ma'aikatan ƙungiyar YMCA. Sanyi ya hana ɗalibai fita fili, zaman ɗaki ya ishe su, suka gagari malamai. Shugabansa ya ba shi kwana 14 ya nemo abin da zai ɗauke musu hankali. Sai ya sa aka kafa kwandunan zuba 'ya'yan itace guda biyu a bisa, ƙafa 10 daga ƙasa, ya rubuta dokoki 13, ya raba ɗalibansa 18 gida biyu. Har yau tsawon kwandon ƙafa 10 ne, sai dai 'yan wasa sun koma biyar-biyar.

Naismith ya koma Jami'ar Kansas a 1898, ya koyar da 'yan wasanta, amma wasannin da aka cinye shi sun fi waɗanda ya ci yawa. Shi dai tarbiyyar jiki da ta hali ya sa a gaba. Ya rasu a 1939, shekarar da aka fara babbar gasar jami'o'i da ƙungiya takwas, Jami'ar Oregon ta ci kofi.

KUƊI SUN SHIGA

Gasar nan ta ƙungiyar NCAA ta yi ta bunƙasa. A 1985 aka mai da ƙungiyoyin 64, a 2011 suka zama 68. A watan Maris a ke soma ta, wanda aka ka da sau ɗaya ya koma gida. Kafin a fara, miji da mata da yara kowa ya kan cika takardar hasashen wanda zai ci wani, a yi ta gardama a bakin tebur. Shugaba Obama ma ya riƙa cika tasa a gaban talabijin lokacin mulkinsa. A 2024 wasan ƙarshe na mata, tsakanin South Carolina da Iowa, ya tara masu kallo fiye da miliyan 18, har ya fi na maza.

Inda idon jama'a ya taru, nan 'yan kasuwa su ke sauka. A 2010 kamfanonin CBS da Turner suka sayi izinin nuna gasar na shekara 14 a kan dala biliyan 10.8. Masu horon 'yan wasa suna karɓar miliyoyi, alhali kuwa yaran da ke zufa a fili a wancan lokaci an hana su karɓar lada, ban da kuɗin makaranta da abinci da wurin kwana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. A 2021 Kotun Ƙoli, bakin alƙalanta tara ɗaya, ta yanke hukunci a kan NCAA, kuma a wannan shekara aka yarje wa ɗalibai su sami kuɗi da sunansu da hotonsu. A 2025 wata kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan 'yan wasansu kai tsaye, har wajen dala miliyan 20 kowace jami'a a shekarar farko.

An share musu hawaye, amma wata tambaya ta rage: yaron nan ɗalibi ne ko ma'aikaci? Samarin da ke wasa a rukunin farko sun haura 5,000, ga shi kuwa babbar ƙungiyar ƙwararru ta NBA ba ta zaɓen fiye da 60 a shekara, wasunsu ma daga ƙasashen waje. Sauran kuwa, in gwiwa ta gaji, takardar shaidar karatu kaɗai za su nuna wa mai ɗaukar aiki.

WAYA A HANNUN KOWA

Na'urori kuma sun sāke zaman falo. A 1979, da Magic Johnson na Michigan State ya kara da Larry Bird na Indiana State, akwatin talabijin ɗaya a ke kewayewa a gidaje da yawa. Tun fitowar iPhone a 2007 kuwa, sai ka ga iyali a kujera ɗaya, kowa ya sunkuya a kan wayarsa. Daɗin daɗawa, a 2018 Kotun Ƙoli ta soke dokar da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, yanzu a jihohi fiye da 30 mutum na iya zuba kuɗinsa a kan wasa, a galibinsu ma ta waya yana kishingiɗe. Har NCAA kanta ta koka da yadda waɗanda aka cinye ke aika wa ɗalibai zagi da barazana.

To, malamai, mu ma muna da filayen wasa da kofunan da mu ke kwaɗayi. In yaro ya yi fice a ƙwallo, hedimasta ya duba rajista da sakamakon jarrabawarsa kafin a sa sunansa cikin masu tafiya gasa. Wanda karatunsa ya ja baya a ba shi darasin maraice, ya cike gurbin tukuna, ko da kofin bana zai tafi wata makaranta.