JACK BAUER A UDUBO: GA ZUMA GA MAƊACI

A garin Udubo, cikin ƙaramar hukumar Gamawa ta ƙasar Katagum, akwai wani tela wanda ya daɗe yana ɗinki a Agege kafin ya tattara ya koma gida. In an sallame lisha sai ya rufe keke, ya tada ɗan janareto, ya fito da talbijin bakin shago, samari su shimfiɗa tabarmi. Kwanan baya sun kammala kallon zango na huɗu na wasan nan na Amurka mai suna 24, wanda aka sayo masa a kasuwar Azare. An gama kallo, amma gardama ba ta ƙare ba.

Ga wanda bai sani ba, gidan talbijin na Fox ne ya soma nuna wasan a cikin 2001. Kowane zango kashi 24 ne, kowane kashi kuwa awa guda, watau labarin yini ɗaya da dare ɗaya. Kiefer Sutherland shi ne ya fito a Jack Bauer, jami'in tsaro mai farautar 'yan ta'adda. A zango na huɗu, na 2005, an sace Sakataren Tsaro, aka harbo jirgin Shugaban Ƙasa, Jack kuma ya shiga neman madugun ɓarnar, Habib Marwan.

Tela bai ɓoye jin daɗinsa ba. Ya ce sau biyu yana saɓa alkawarin ɗinki saboda kwanan zaune. Abin da ya fi burge shi, jami'an ba su tambayar mai ƙara kuɗin mai ko na takarda, kuma in an buga musu waya sun iso kafin shayi ya huce.

To, amma abu biyu sun tsaya masa a rai. Na farko, miyagun zangon Musulmi ne, har da wani iyali, uba da uwa da ɗa, masu zaman lafiya da maƙwabta alhali da mugun nufi. Ya ce wanda ya taɓa zama baƙo a garin wasu ya san abin da irin wannan hoto ke jawowa. Ba shi kaɗai ya ga haka ba, gama ƙungiyar Musulmin Amurka mai suna CAIR ta kai kuka, har Sutherland ya fito a talbijin a 2005 yana shaida wa jama'a cewa Musulmin ƙasar suna tir da ta'addanci.

Na biyu shi ne azabtarwa. Jack ya tsinke wayar fitila ya jona wa wani mutum, Paul Raines, wutar lantarki don ya yi magana, daga baya ta bayyana ba shi da laifi. Haka aka gana wa ɗan Sakataren azaba, da wata ma'aikaciyar ofishin. A nan samari suka yi ta tafi, suna cewa da 'yan sandanmu za su yi haka da tuni ɓarayi sun ƙare. Tela ya ce musu kowa na tafi ne don yana ganin kansa a matsayin Jack, alhali kuwa ɗan ci-rani a Kurmi, mai tura baro ko mai wankin takalmi, in an yi kamen kan mai uwa da wabi shi ne ke kan kujerar. Ƙanensa ya taɓa kwana huɗu a tsare a kan babur ɗin da bai ko gani ba.

Har sojan Amurka sun damu. A 2006 Birgediya Janar Patrick Finnegan na makarantar hafsoshi ta West Point ya je wurin masu wasan ya roƙe su su rage, don ɗalibansa sun soma ɗaukar abin da gaske.

Jama'a, ya kamata mazauna Ikko da Badun da Fatakwal su riƙe wannan. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar da wanda ake tuhuma. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai mutum kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Irin wannan ta'asa ce ta jawo aka rushe rundunar SARS ran 11 ga Oktoba, 2020.

Shi dai tela ya riga ya aika Azare a kawo zango na biyar. Sai dai ya kafa sharaɗi: duk wanda ya tafa a wurin duka, shi zai sayi man janareto na gobe.